Yadda Za Ku Kare Jariri Daga Ciwon Shawara Da Magani Ko Guba Ke Haddasawa

Yawancin iyaye sun san cewa idon jariri da fatarsa sukan yi ruwan ɗorawa a kwanakin farko na haihuwa, kuma sau da yawa abin yakan wuce ba tare da ya bar wata illa ba. Kimanin jarirai 60 cikin 100 da suka cika watanninsu, da kusan 80 cikin 100 na bakwaini, sukan yi wannan shawara a makon farko. Sai dai akwai wata iri wadda daga waje take shigowa, wato wadda wani magani ko wani sinadari ke tayarwa, ko dai ya bi ta jinin uwa tun jaririn yana ciki, ko ta nono, ko kuma a ba shi kai tsaye, ya shaƙa, ko a shafa masa. Wannan ita ce ta fi damuna, domin takan hau da sauri, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, alhali galibin abubuwan da ke kawo ta ana iya kawar da su tun kafin a haifi yaron. Zan rubuta sunayen magunguna kamar yadda suke a jikin kwali, don ku iya gane su idan kun gani.

Abin da ke faruwa a jikin jariri

Ruwan ɗorawar da ake gani wani sinadari ne mai suna bilirubin, wanda yake samuwa idan jajayen ƙwayoyin jini suka tsufa suka fashe. Ƙwayoyin jinin babba sukan yi kamar kwana 120 suna aiki, na jariri kuwa ba sa wuce kwana 70 zuwa 90, ga su da yawa, ga hantarsa ba ta gama ƙwari ba. Da zarar bilirubin ya shiga jini, wani furotin mai suna albumin yakan riƙe shi ya kai shi hanta, ita kuma ta sarrafa shi ya fita ta kashi. Muddin yana riƙe a jikin albumin, da wuya ya ratsa cikin ƙwaƙwalwa.

Magani ko guba na ɓata wannan tsari ta hanya uku. Wani yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini har bilirubin ya fi ƙarfin hanta. Wani yana rage wa hantar kanta ƙarfin aiki. Na ukun kuwa, wanda ya fi wuyar ganewa, yana ture bilirubin daga jikin albumin ya maye gurbinsa, sai bilirubin ɗin ya yi ta yawo a sake har ya isa ƙwaƙwalwa, ko da launin fatar yaron bai ƙara tsananta ba. An gano haka ne ta hanya mai ciwo. A shekarar 1956 likita William Silverman da abokan aikinsa a birnin Niyok na Amurka suka bayar da rahoton cewa bakwainin da aka ba maganin sulfisoxazole, ɗaya daga dangin magungunan salfa, don kare su daga ƙwayoyin cuta sun fi mutuwa, kuma an fi samun lalacewar ƙwaƙwalwa ta bilirubin a cikinsu, idan aka kwatanta da waɗanda aka ba wani maganin dabam. Tun daga lokacin ake nisanta jarirai sabbin haihuwa daga dangin magungunan salfa.

Akwai kuma yanayin gado da ake kira ƙarancin G6PD, wanda mutane kimanin miliyan 400 ke ɗauke da shi a duniya, musamman a Afirka, da Gabas ta Tsakiya, da ƙasashen bakin Bahar Rum, da kudancin Asiya. G6PD wani sinadari ne da ke kare jajayen ƙwayoyin jini daga lalacewa, kuma wanda yake da ƙarancinsa yana iya rayuwa lafiya lau har ranar da ya haɗu da abin da zai farfasa masa jini. Ya fi bayyana a jikin maza domin ta wajen uwa namiji yake gadonsa, amma 'ya'ya mata ma yana kama su. Tunda ba a gane shi da ido, kuma ba ko'ina ake gwada jarirai ba, abin da ya fi hankali shi ne ku ɗauki kowane jariri kamar yana da shi har sai gwaji ya nuna akasin haka.

Ku fara da akwatin kaya

Idan da abu ɗaya kawai za ku ɗauka daga wannan rubutu, to ya zama batun kafur. Fararen ƙwallayen nan masu ƙarfin wari da ake jefawa cikin akwati ko durowa don korar asu da kyankyasai, yawancinsu da sinadarin naftalin ake yin su, kuma naftalin yana cikin manyan abubuwan da ke farfasa jinin jarirai. Ba sai yaro ya haɗiye shi ba. Ƙwallon yana narkewa a hankali ya zama iska, ya kama zaren tufafi da barguna, jariri ya shaƙa, fatarsa kuma ta tsotsa, musamman idan an shafe shi da mai, domin naftalin a cikin mai yake narkewa. A shekarar 1963 likitoci a ƙasar Girka sun bayyana jarirai 21 da jininsu ya farfashe bayan an lulluɓe su da kayan da aka adana da naftalin, kuma ba dukansu ne ke da ƙarancin G6PD ba. Tarayyar Turai ta hana sayar da irin waɗannan ƙwallaye tun 2008, amma har yanzu ana samun su cikin sauƙi a ƙasashe da yawa.

Saboda haka, tun ciki yana wata bakwai ko takwas, ku buɗe duk wani akwati, da durowa, da ƙarƙashin gado, da banɗaki, ku kwashe kafur ɗin gaba ɗaya ku fitar da shi daga gidan, ba daga ɗakin kawai ba. Kayan jariri da aka gada daga yayyensa ko aka karɓa daga dangi su ne suka fi haɗari, domin su ne suka fi daɗewa a rufe tare da kafur. Wanki ɗaya ba ya wadatarwa, saboda naftalin ba ya narkewa sosai a ruwa. Ku shanya su a sarari kwanaki da dama, ku wanke su da sabulu sau da yawa, sannan ku sansana. Idan akwai sauran wari ko kaɗan, kada a sa wa jariri. Hukuncin ya haɗa da tufafin uwa, da zanen gado, da mayafin duk wanda zai riƙa ɗaukar yaron, domin fuskarsa a jikin waɗannan kayan take kwanciya. Mai juna biyu ma ta nisanci kafur, domin sinadarin yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan da ke ciki.

Bayan kafur sai abubuwan shafawa. Man zafi, da hoda, da duk wani abu mai sinadarin mentol ko mai warin kafur, bai kamata su taɓa fatar jariri ba, balle cibiyarsa wadda har yanzu ɗanyen rauni ce. Lallen ƙunshi ma yana da sinadarin da aka tabbatar yana farfasa jinin yara masu ƙarancin G6PD, don haka kada a shafa wa jariri shi ko da ɗigo ne. Cibiya ba ta buƙatar komai sai tsabta da bushewa, ko maganin chlorhexidine idan ma'aikatan lafiya sun bayar. Wajen share ɗaki kuma ku guji magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu sinadarin fenol a kan gadon jariri da abin da yake kwanciya a kai. A shekarun 1970 an sami ɓarkewar shawara mai tsanani a ɗakunan jarirai na wasu asibitoci biyu a Amurka, aka bi sawu aka tarar da irin wannan maganin ake goge gadaje da katifu da shi fiye da kima.

Magungunan uwa da na jariri

Ki sami takarda ɗaya, ke mai juna biyu, ki riƙa rubuta duk abin da kika sha daga wata na bakwai zuwa haihuwa: sunansa, da ranar da kika fara, da ranar da kika daina. Ki haɗa da wanda kika saya da kanki, da jiƙe-jiƙe da sassaƙe, domin ba a san adadin sinadaran da ke cikinsu ba, kuma likita ba zai yi zargin abin da ba a faɗa masa ba. Ki tafi da takardar duk ranar awo da ranar haihuwa.

Daga cikin magungunan da ake taka-tsantsan da su gab da haihuwa akwai nitrofurantoin na ciwon mafitsara, wanda ba a bayarwa idan ciki ya kai mako 38, ba a kuma ba jaririn da bai cika wata ɗaya ba. Akwai dangin salfa irin su co-trimoxazole, wanda aka fi sani da Septrin, da ake guje wa a ƙarshen ciki da makonnin farko na jariri sai da ƙwaƙƙwaran dalili na likita. Akwai primaquine na zazzaɓin cizon sauro, wanda ba a ba mai ciki, ba a kuma ba mai shayar da ƙaramin jariri sai an san matsayin G6PD ɗin yaron. Haka nan dapsone da methylene blue. A ɓangaren jariri, allurar ceftriaxone tana ture bilirubin daga albumin, shi ya sa ba a yi wa jariri mai shawara ko bakwaini ita, akwai wasu da ake amfani da su a madadinta. Idan za a rubuta muku kowane magani, ku faɗa da bakinku cewa akwai jariri ɗan kwanaki kaza da ake shayarwa, kuma ku faɗa idan idonsa ya fara canja launi.

A nan dole in ja kunne ta ɗaya ɓangaren, domin tsoro ma yana yin ɓarna. Kada mace ta daina maganin da likita ya ɗora ta a kai don ta karanta sunan danginsa a nan. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na masu ciki, wato Fansidar, yana da salfa a cikinsa, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ci gaba da bayar da shi har zuwa lokacin haihuwa, domin amfaninsa a fili yake. Haka allurar bitamin K da ake yi wa jariri ranar haihuwa. Gaskiya ne cewa a shekarun 1950 wani nau'in bitamin K na haɗi, da ake bayarwa da yawa, ya jawo shawara mai tsanani, amma an daɗe da barinsa. Na yanzu, wato K1, miligiram ɗaya kawai ake yi wa jaririn da ya cika watanninsa, ba ya kawo wannan matsala, kuma yana hana zubar jini mai kisa. Ruwan naƙuda na oxytocin an danganta shi da ɗan ƙarin shawara, sai dai wannan dalili ne na sa ido a kan jaririn, ba na ƙin karɓar ruwan ba idan ana buƙatarsa.

Yadda ake duba jariri

Ku duba shi sau biyu a rana cikin makonni biyun farko, safe da yamma, a hasken rana kusa da taga, domin hasken lantarki yana ɓoye launin ko ya ƙara shi. Ku danna yatsa a hankali a kan karan hancinsa ko goshinsa na ɗan lokaci sannan ku ɗaga. Idan wurin ya nuna ɗorawa kafin jini ya dawo, akwai shawara. Ga jariri mai duhun fata, farin ido da dasashi da ƙarƙashin harshe sun fi faɗin gaskiya. Shawara daga kai take farawa ta gangara ƙirji, da ciki, da cinyoyi, don haka ku tuɓe shi ku bi jikin har ƙasa. Idan ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, ta yi tsanani ƙwarai.

Shawarar da aka saba da ita takan bayyana a kwana na biyu ko na uku, ta kai ƙololuwa wajen kwana na uku zuwa na biyar, sannan ta ja baya kafin mako biyu. Ta guba ba ta bin wannan jadawali. Takan taso kwana ɗaya zuwa uku bayan yaro ya haɗu da abin, shi ya sa ake ganin jaririn da aka sallama daga asibiti garau, ya isa gida aka sa masa kayan akwati, bayan kwana biyu ya koma ɗorawa shar. Sau da yawa takan zo da fari-farin leɓe da tafin hannu saboda ƙarancin jini, da fitsari mai duhu kamar ruwan shayi, alhali fitsarin jariri mai lafiya kusan fari ne.

Ku tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan shawara ta bayyana cikin awa 24 na farko, ko ta gangara ƙasa da cibiya, ko tana ƙaruwa tsakanin safe da yamma, ko kun san yaron ya haɗu da ɗaya daga cikin abubuwan da na ambata. Haka kuma idan ya daina kama nono, ko barci ya yi masa nauyi har ba a iya tayar da shi, ko jikinsa ya saki, ko yana kuka mai tsini wanda ba irin nasa ba, ko yana banƙarewa yana jan ƙeya baya, ko yana jijjiga. Waɗannan na ƙarshe alamu ne cewa bilirubin ya fara taɓa ƙwaƙwalwa, kuma a wannan mataki awoyi ake ƙirgawa. Shawarar da ta wuce kwana 14, ko kwana 21 ga bakwaini, ko wadda ta zo da farin kashi, ita ma tana buƙatar bincike, ko da yake sau da yawa dalilinta dabam ne.

Kafin ku fita, ku cire masa kayan da kuke zargi, ku wanke masa jiki da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi idan an shafa masa wani abu, in dai hakan ba zai jinkirta tafiyar ba, ku naɗe shi da abin da bai taɓa shiga akwatin ba. Ku ɗauki kwalin maganin, ko kwalbar man, ko ƙwallon kafur ɗin a ƙulle cikin leda nesa da yaron, tare da takardar magungunan uwa.

Abin da ba ya magani

Ruwan gulukos ba ya wanke shawara; cika cikin yaro yake yi ya rage masa shan nono, alhali nono ne ke sa shi yin kashin da bilirubin ke fita ta cikinsa. Ku ci gaba da shayarwa sau 8 zuwa 12 a yini da dare, sai fa idan likita ya ce a dakata saboda wani maganin da uwa ke sha. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na ɗigawa a baki da ake saya ba tare da takardar likita ba, shi ma ba ya rage bilirubin, wani ma ƙara haɗarin yake yi. Shanya jariri a rana kuwa yana iya ƙona masa fata, ya ƙarar masa da ruwan jiki, kuma mafi muni, yana cinye kwanakin da ya kamata a ce yana asibiti. Jiƙo ko hayaƙi kowane iri ƙarin sinadari ne a kan hantar da ta riga ta gaza.

A asibiti

Ido ba ya auna bilirubin, ko da idon ƙwararren likita ne. Ku nemi a gwada, ko da na'urar da ake ɗorawa a fata ko ta hanyar ɗiban jini, kuma ku tambayi lambar da aka samu ku rubuta. Ku san ainihin lokacin da aka haifi yaron, domin da awoyi ake fassara sakamakon: lambar da ba ta da matsala ga ɗan kwana huɗu tana iya zama haɗari ga ɗan awa 20, kuma ma'aunin bakwaini da na jaririn da jininsa ke farfashewa ya fi ƙasa. Za a kuma duba yawan jininsa, da rukunin jininsa da na uwa, da alamun kamuwa da ƙwayoyin cuta, domin saɓanin rukunin jini da cututtuka suna kawo irin wannan hoto, kuma suna iya haɗuwa da guba a jiki ɗaya. Ku faɗi gaskiyar duk abin da aka ba shi ko aka shafa masa, ko da kuna jin nauyin faɗa, domin a kan wannan bayani likita zai tsara aikinsa.

Babban maganin shi ne fitila mai shuɗin haske, wadda ke sauya bilirubin a fata ya koma yanayin da jiki zai iya fitarwa ta fitsari da kashi ba sai hanta ta sarrafa shi ba. Asalin wannan hanya daga wani asibiti ne a Rochford ta Ingila, inda wata ma'aikaciyar jinya mai suna Jean Ward ta lura a 1956 cewa fatar bakwaini tana washewa a inda haske ya taɓa, aka kuma wallafa binciken a 1958. Ana kwantar da jariri tsirara sai ɗan kunzugu, a rufe masa ido, kuma amfanin fitilar ya dogara ga yawan fatar da haske ke samu da tsawon lokacin da ya yi a ƙarƙashinta. Don haka kada ku lulluɓe shi don tausayi, kada ku shafa masa mai, kuma idan an ɗauke shi don shan nono a mayar da shi da wuri. Kashinsa zai iya yin ruwa-ruwa ya yi kore, wannan ba abin tsoro ba ne.

Idan lambar ta hau sosai, ko alamun ƙwaƙwalwa sun bayyana, za a yi masa musayar jini, wato a riƙa zare nasa kaɗan-kaɗan ana maye gurbinsa da wanda aka tantance. Na san jin wannan yana tayar da hankalin iyaye, amma ina roƙonku kada ku ɓata lokaci wajen amincewa, domin lahanin da bilirubin ke yi wa ƙwaƙwalwa ba ya gyaruwa: kurumta, da shanyewar gaɓoɓi, da rashin iya sarrafa motsin jiki har ƙarshen rayuwa.

Bayan sallama, ku koma a sake gwaji a ranar da aka ba ku, domin bilirubin yana iya sake hawa bayan an kashe fitila, musamman idan jinin bai daina farfashewa ba. Wani ya riga ku zuwa gida ya tabbatar an fitar da abin da ya jawo matsalar kuma iska ta ratsa ɗakin. Ku nemi a yi wa yaron gwajin ji, domin jijiyar ji tana cikin wuraren da bilirubin ke fara taɓawa. Game da gwajin G6PD kuma, ku sani cewa idan an yi shi a tsakiyar farfashewar jini ko bayan ƙarin jini, yana iya nuna lafiya alhali akwai ƙarancin, saboda sabbin ƙwayoyin jini da na wanda ya bayar da jinin suna rufe gaskiyar. Shi ya sa ake maimaita shi bayan kamar wata uku. Idan ya tabbata yana da shi, ku sa a rubuta a katinsa na asibiti, ku karɓi jerin magungunan da zai guje wa, ku nuna wa duk wanda zai rubuta masa magani. Ku kuma sanar da ungozoma da likita tun ranar awon farko na ciki na gaba, domin a gwada ƙaninsa ko ƙanwarsa tun ranar haihuwa kafin a bar asibiti.